Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malamanmu Da Limaman Juma'a A Kan Talaka Da Ƙuri'arsa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai, Allah ya ƙara wa rayuwarku albarka. Bayan gaisuwa da neman afuwa a kan shiga gabanku, wannan wasiƙa ta fito ne daga ɗalibinku, ɗaya daga cikin masu shimfiɗa darduma a bakin titi ranar Juma'a saboda cikin masallaci ya cika. Ku na zaɓa in rubuto wa maimakon gwamnoni da 'yan majalisa, domin su sau ɗaya a shekara huɗu talaka yake tsayawa ya saurare su, ku kuwa kowane mako yana zaune a gabanku bakinsa a rufe, har an hana shi ya ce wa na kusa da shi yi shiru. Babu ɗan siyasar da yake da irin wannan dama. Su ma sun sani, shi ya sa da kakar zaɓe ta kama sai motocinsu su fara tsayuwa a ƙofar zaurukanku.

Abin da ya kawo ni shi ne tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi a ƙasar nan, da yadda mutanenmu suke kallonta, da abin da wannan kallo yake haifarwa a bakin akwati.

Bahaushe ba ya ƙin mai kuɗi. In aka ambaci attajiri a majalisar unguwa, da wuya ka ji an tambayi inda ya samu. Tambayar ita ce, yana yi da mutane? Hannunsa a sake yake, ko ɗan maƙo ne? Da an ce yana ciyarwa da azumi, ya gina masallaci, ya biya wa wane da wane kujerar Makka, magana ta ƙare, sai "Allah ya ƙara masa". Wanda ya yi ƙarfin halin cewa ai albashin mutumin nan ba zai sayi tayar motar da yake hawa ba, za a rufe masa baki da hassada ga mai rabo taki ce. Ku kuka koya mana cewa arziki na Allah ne, yana shimfiɗa wa wanda ya so, ya ƙuntata wa wanda ya so, kuma gaskiya kuka faɗa. Wannan tarbiyya ta tsare mu daga sharri mai yawa. Ita ce ta sa ɗan dako yake wuce rumfa cike da kaya, da yunwa a cikinsa, bai miƙa hannu ba.

Sai dai an yi mana wayo da ita. Ma'aunin da muke auna falke da shi, wanda ya juya jarinsa ya ci riba, shi aka ɗauko ana auna mai riƙe da baitulmali. Falke idan ya bayar, kyauta ya yi. Mai riƙe da baitulmali idan ya bayar daga abin da ke hannunsa, amana ya mayar, kuma yawanci ɗan tsagin amanar ne kawai ya mayar. Talaka ya daina rarrabewa tsakanin waɗannan biyu, kuma a ganina gyaran wannan ruɗani aikinku ne kafin ya zama na kowa.

Ku aika wani ya duba muku ƙofar gidan ɗan majalisa da safe idan ya zo gida hutun ƙarshen mako. Tun rana ba ta fito ba mutane sun jeru a jikin katanga. Ga tsohuwa da takardar magani da ta ƙulle a bakin zane har ta yi laushi. Ga magidanci, matarsa ta haihu, jibi suna, babu rago. Ga saurayi yana neman kuɗin jarrabawa. Ɗan sanda na bakin ƙofa, wani yaron gida yana zagayawa da biro yana rubuta sunaye. Can wajen azahar a leƙo a raba dubu bibbiyu, mai uwa a gindin murhu ya samu biyar, a watse ana "Allah ya maimaita mana". Tsohuwar nan babu wanda ya taɓa gaya mata cewa maganin da take roƙo an rubuta kuɗinsa a kasafin kuɗi, kuma mutumin da ya ba ta dubu biyu yana cikin waɗanda suka amince da kasafin, kuma aikinsa ne ya bi sawu ya ga maganin ya isa asibitin garinsu. Ita dai ta san ya taimake ta, ranar zaɓe kuma ba za ta yi masa butulci ba. Ban ga laifinta ba. Halacci take yi, ga mutumin da ya ranta mata kuɗinta.

A watan Nuwamban 2022, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto a kan talaucin da ake aunawa da abinci, lafiya, karatu, ruwa da muhalli. Ta ce mutum miliyan 133 ne a ciki, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A Jihar Sakkwato kusan kashi 91 cikin 100 ne, a Ondo kashi 27. Hukumar gwamnati ce ta faɗa, ba 'yan adawa ba. A wannan shekarar ce jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, PDP kuma ta sayar da na shugaban ƙasa miliyan 40. Mafi ƙarancin albashi a lokacin dubu 30 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi, in bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, sai ya yi shekara kusan 278 yana tarawa kafin ya sayi fom ɗin shugaban ƙasa na APC, ba a ma zo maganar daliget da dalolin zaɓen fid da gwani ba. Ke nan tun kafin talaka ya ga takardar ƙuri'a an riga an tace masa waɗanda zai zaɓa, kuma kuɗi ne rariyar.

Allah ya gafarta malamai, a waɗannan watanni kun yi magana, kuma mun ji. An yi huɗubobi a kan tikitin Musulmi da Musulmi, an yi a kan karɓar katin zaɓe, an yi a kan wane ne namu, wane ne ba namu ba. Ba na jayayya da ku a kan cewa addini yana da hurumi a siyasa. Abin da ya dame ni shi ne, manyan 'yan takara uku da suka fi samun ƙuri'a, Tinubu da Atiku da Obi, dukkansu sun faɗa a fili cewa za su cire tallafin man fetur. Ba su ɓoye ba. Tambayar da ta dace a yi musu a zaurukanku ita ce: wa zai ɗauki nauyin, kuma kuɗin da za a rage ina za su? Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin a jawabin rantsuwa. Litar da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kason da jihohi suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. A daidai lokacin ne mata a Kano suka koma sayen afafata, tsakin shinkafar da a da kifi ake zuba wa. A watan Maris na 2024 ɗalibai mata biyu suka mutu a turmutsitsin rabon shinkafa a jami'ar Keffi, a watan kuma mata da 'yan mata suka mutu a wajen rabon zakka a Bauchi. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta ce ta zuba naira biliyan 90 a tallafin aikin Hajji, ibadar da ku da kanku kuka koya mana cewa a kan mai iko kaɗai ta wajaba. Na so in ji wannan lissafi daga kan mumbari.

Akwai masu cewa talakan Arewa ba ruwansa da wannan magana, a ba shi taliya da sabulu da atamfa an gama da shi. 'Yan boko ne suka fi faɗin haka, galibi waɗanda ba sa fita zaɓe. Tarihinmu bai goyi bayansu ba.

Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma sanarwar Sawaba da jam'iyyar ta fitar ta faɗa ƙarara cewa akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da mulkin En'e da talakawa. Waɗanda suka ɗauki wannan magana suka shiga da ita kasuwanni da ƙauyuka teloli ne, da 'yan koli, da manoma, da almajirai. An ɗaure su, an yi musu bulala, an kore su daga garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da yawa, a zamanin da matan Arewa ba su ma da ikon jefa ƙuri'a. Kada kuma a manta cewa Malam Aminu Kano daga gidan malanta ya fito, kuma yana tafsiri, haka Malam Sa'adu Zungur ɗan gidan ilimi ne a Bauchi. Hujjojinsu daga littattafan da ke zaurukanku suka ɗauko su. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki a cikin zaluncin da ya yi wa sarakunan zamaninsa inkari. Da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna a 1979, cikin abin da gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka fara yi akwai soke haraji da jangali. Wanda ya ga yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci saboda kuɗin haraji ya san me wannan ya zama a wajen manomi. Mutanen da suka zaɓi PRP sun fi na yau talauci ta fuskoki da yawa, kuma abokiyar hamayyarta NPN ta fi ta kuɗi nesa ba kusa ba, amma suka dangwala wa mabuɗi, alamar PRP.

A 1999 da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, jama'a sun yi tururuwa daga ko'ina, wasu a bayan akori-kura, wasu a ƙafa. Abin da yake ran mafi yawansu shi ne ranar da babba da ƙarami za su tsaya daidai a gaban alƙali. Hannun farko da aka yanke, a watan Maris na 2000, na ɗan ƙauye ne da ya saci saniya. Ku kuka karantar da mu hadisin matar nan Bamakzumiya, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abin da ya halaka na gabanmu shi ne idan mai daraja ya yi sata sai su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi. Talaka ya haddace hadisin, kuma yana da ido.

Haka soyayyar da aka yi wa Janar Buhari tun daga 2003. Mai shayi da ɗan acaɓa sun sayi katin gudummawa don su tallafa masa, sun kwana a rumfunan zaɓe ana "a kasa, a tsare, a raka". Babu wanda ya ba su taliya. Abin da suka gani shi ne mutumin da suka yi imani bai ci dukiyarsu ba. Ko ya cika musu buri ko bai cika ba, wannan wata magana ce, kowa ya ga shekara takwas ɗin da idonsa. Abin lura shi ne talaka ya damu da wannan tazara ƙwarai, sai dai harshe ɗaya ya rage masa na faɗin damuwar, wato neman mutum mai gaskiya. Ba a koya masa ya tambayi tsari ba: nawa aka ware, wa ya karɓa, ina aikin? Saboda haka duk ranar da mai gaskiyar ya gaza, sai ya yanke ƙauna daga abin gaba ɗaya. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fita ba su kai miliyan 25 ba. A Kano kusan miliyan shida ne a rajista, kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai suka jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa. Sauran ba barci ne ya ɗauke su ba. In ka tambaye su, amsar ɗaya ce: duk kanwar ja ce.

Wanda ya yanke ƙauna daga akwati kuwa ba ya zama a gida har abada. Mun gani a farkon Agustan 2024. Da yawanku kun roƙi matasa kada su fita zanga-zangar tsadar rayuwa, kuma na fahimci tsoronku, domin mun san yadda taro yake juyewa a garuruwanmu, an kuma yi asarar rayuka da dukiya kamar yadda kuka ji tsoro. Amma ku tuna irin martanin da yaran nan suka mayar a Facebook da TikTok. Kalaman da aka jefi malamai da su a makon nan, shekara ashirin da suka wuce babu ɗan Musulmin da zai iya furta su. Rashin ladabi ne, ban musa ba. A ƙarƙashinsa kuma akwai tambaya ta gaske: me ya sa muryar da take da ƙarfi wajen cewa mu yi haƙuri take yin laushi wajen cewa su yi adalci? Ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da wasu daga cikin yaran da aka kama a kotun tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, bayan kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin kowannensu naira miliyan 10. Sai da duniya ta yi ca kafin shugaban ƙasa ya ce a sake su.

Na san ba dukkanku ne kuka yi shiru ba, kuma na san magana tana da tsada. A watan Afrilun 2022 an sauke Sheikh Nuru Khalid daga limancin masallacin Apo a Abuja saboda huɗubar da ya yi a kan gazawar gwamnati wajen tsaro. Na kuma san limamin unguwa shi ma talaka ne, ba shi da albashi, rufin masallacinsa yana yoyo, kuma ɗan siyasa ne kaɗai yake zuwa da kwano da siminti. Ba zan ce ku mayar da kwanon ba. Roƙona shi ne kada a karɓi lasifika a sanar da shi a wata ukun da ke gaban zaɓe, ana kabbara, mai bayarwa yana sahun gaba da hular jam'iyya. Sadakar da ake nema da ita wajen Allah ba ta rasa komai don an jinkirta shelarta zuwa bayan zaɓe.

Akwai kuma fatawar nan da ta yaɗu, "karɓi kuɗinsu, ai naka ne, ka zaɓi ra'ayinka". Niyyar masu faɗinta mai kyau ce, amma a rumfar zaɓe ba haka abin yake tafiya ba. Mai raba kuɗin yana tsaye nesa kaɗan, sai ka ɗaga masa takardar ya ga inda ka dangwala kafin ya ba ka. Inda ma ba a dubawa, mutuminmu mai kunya ne, ba ya iya cin abin mutum ya juya masa baya, wani ma rantsar da shi ake yi. Fatawar tana halatta cinikin, ba ta 'yantar da kowa. Gara ku zauna a tsakaninku ku fitar da magana ɗaya bayyananniya a kan mai saye da mai sayarwa da dillalin da ke tsakani.

Abin da na fi nema a wajenku bai fi ƙarfinku ba. A duk ƙarshen shekara gwamnoni suna kai kasafin kuɗi majalisa, kuma takardun ba a ɓoye suke ba. A cikin masu sallah a bayanku akwai akantoci da malaman jami'a da ma'aikatan lafiya da za su iya zama da ku su ware abin da aka rubuta wa ƙaramar hukumarku. Huɗuba ɗaya a shekara ta isa a gaya wa jama'a: an rubuta kaza don makarantar firamare, kaza don asibitin sha-ka-tafi, kaza don motocin manya, ku je ku duba. Wannan ba shiga jam'iyya ba ne. Kun sha ba mu labarin mutumin da ya tsayar da Sayyidina Umar yana kan mumbari ya tambaye shi inda ya samu ƙarin yadin rigarsa, kuma Umar bai sa an kama shi ba, ya kira ɗansa ya yi bayani. Muna jin labarin mu yi kabbara, sannan mu fita mu ga jerin motoci talatin mu ce Allah ya ƙara.

Ayoyin ma kun fi ni saninsu. Ana yawan karanta mana ta Suratuz Zukhruf da ta ce Allah ya ɗaukaka wasu a kan wasu da darajoji. A haɗa mana da ta Suratuz Zariyat da ta ce a cikin dukiyarsu akwai haƙƙi ga mai roƙo da wanda aka hana, da ta Suratul Hashri da ta ba da dalilin rabon dukiyar jama'a, domin kada ta zama abin juyawa tsakanin mawadata kaɗai. Wani abin mamaki, sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya faɗi kusan haka, cewa kada a tafiyar da tattalin arziki ta yadda dukiya za ta taru a hannun 'yan tsiraru. Sai kuma sashe na 6 ya hana kotu sauraron ƙarar wanda zai nemi a tilasta wa gwamnati cika wannan. Tunda an rufe ƙofar kotu, wurin da ya rage a bi wannan haƙƙi shi ne akwatin zaɓe.

Magana ta ƙarshe a cikin gidanku take, ku yi mini afuwa. Yaron da yake yawo da roba a tashar mota da sunan karatun allo shi ne ƙarshen wannan tsani, babu wanda yake ƙasa da shi. A zamanin Jonathan an gina makarantun tsangaya sama da 150, da yawansu suka lalace bayan an miƙa wa jihohi. A 2020 da annobar korona ta zo, gwamnoni suka riƙa loda almajirai a manyan motoci ana mayar da su jihohinsu. A watan Mayun 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Duk ɗan takarar da ya zo neman addu'a kafin 2027, ku zaunar da shi a kan tabarma, ku kira alarammomin unguwa, ku tambaye shi nawa zai ware wa ciyar da waɗannan yara da koya musu sana'a, a wace shekara, ta hannun wa. Ku sa a rubuta, ya sa hannu a gaban shaidu, a ajiye takardar a masallaci. Bayan shekara biyu a ɗauko ta a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a, ko ya zo ko bai zo ba.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa ku gama da duniya lafiya.

Wassalam,
Ɗalibinku, daga Kano.